Wai Charlie Chaplin shi ke ba da umarnin finafinansa?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Salam 'yan uwa. Mai tura finafinai a waya nan unguwarmu ya zuba mani tsofaffin finafinan Charlie Chaplin, baƙi da fari, ba magana sai kiɗa, amma yara har shiƙewa suke don dariya. Wai jarumi ne kawai ko har darakta? Kuma rashin maganar nan salo ne ko mi?

Kawu Badauri:
Wa alaikumus salam ɗana. Shi ne darakta, shi ke rubuta labari, daga baya har kiɗan shi ke tsarawa. Da farko dole ce ta sa, na'urar haɗa murya da hoto ba ta kankama ba sai wajen 1927, amma ko da ta zo mutumin nan ya ƙi, ya fitar da City Lights a 1931 ba hira, bai saki baki sosai ba sai 1940 da ya kwaikwayi Hitler. Salonshi kyamara ta tsaya ta ɗauko jiki gaba ɗaya, don dariyar tana tafiyarshi da sandar da ƙaton takalmin. Ga naci, a City Lights ɗin fitowarshi da makauniya mai saida fure sau fiye da 300 aka ɗauka. Wane furodusa zai jure wannan in ba kuɗinka ba ne?

Bakatsine Zalla:
Kawu a gafarce ni amma wajen darakta Buster Keaton, wani ɗan barkwanci na zamaninshi, ya fi shi wallahi. A The General na 1926 jirgin ƙasa na gaske ya sa ya rufta daga kan gada, wani fim ɗin kuma bangon gida ya faɗo mashi ya tsira ta tagar, fuskar nan ko murmushi babu.

'Yar Ƙofar Soro:
Ni dai Chaplin, yana ba ka dariya yana ba ka tausayi, dubi inda yunwa ta sa ya dafa takalmi ya ci. Kuma mu masu kallon Indiya mun sha gadonshi ba mu sani ba, ai shigar talakan da Raj Kapoor ya yi a Shree 420 daga wajenshi ya ɗauko. 'Yan camamarmu dai yawanci baki ne jarinsu, kashe sauti ka gani ko za ka dara.

Kawu Badauri:
Banda marigayi Ibro ɗiyata, wannan ko kallo ya yi sai ka dara.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode. Bakatsine, na Keaton ɗin ko akwai a YouTube? Data ta yi tsada, in kana da shi a waya mu haɗu bayan la'asar.