Na samu DESCOGEF, amma albashi bai motsa ba

Ɗan Adar: Assalamu alaikum. Shekara 6 ke nan ina riƙe lissafin wani kamfanin sayar da kayan gini a Yamai. Bara na samu DESCOGEF, wato babbar takardar shaidar karatun akanta, kuɗin karatun duk daga aljihuna. Da na kai wa maigida takardar, ya juya ta gaba da baya, ya ce Allah ya sa albarka, ya turo mini rasiɗan siminti in shigar. Shi ke nan. Na ajiye dosiye a ANPE, hukumar samar da aikin yi, na zaga ma'aikatu har takalmina ya cinye, ko kira ɗaya babu. Ina kuskurena yake?

Yaya Mai Lissafi: Ƙanena, ba kai kaɗai ba ne. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 ayyukan masu ba da tallafi da yawa suka tsaya, kuma can ne albashi mai kauri yake. Waɗanda suka rage Tom2Pro suke tambaya, wato manhajar lissafin irin waɗannan ayyuka. Ka iya shi, ko manhajar Sage kawai ka sani?

Ɗan Adar: Sage ne kawai, Yaya.

Dattijon Tawa: Yaro, DESCOGEF rabin hanya ce. Sai ka yi shekara 3 kana koyon aiki a ofishin ƙwararren akanta kafin DECOFI, takardar zama ƙwararren akanta, sannan ONECCA, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ƙasa, ta sa sunanka. Kuɗin da mai koyon aiki yake samu kaɗan ne, na sha wannan wuyar da iyali a kaina. Amma a can ne 'yan kasuwa suka san fuskata.

Ɗan Adar: Baba, 'ya'yana uku fa, ga kuɗin haya.