Neman shawara: yaya ake sharhin littafin tarihi da na ƙagaggen labari ba tare da an cakuɗa su ba?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙungiyarmu ta masu karatu ta ɗora mini rubuta taƙaitaccen bayani da sharhi a kan littattafai biyar da muka gama: uku ƙagaggun labarai, biyu na tarihi. Ɗaya daga cikin ƙagaggun ma a kan wani yaƙi na gaske aka gina shi. An ce kowane sharhi kada ya wuce kalmomi 600. Na gwada biyu, da na sake dubawa sai na ga labarin kawai na maimaita, na rufe da "littafin ya yi daɗi". Na tarihin kuwa ban san ta inda zan kama shi ba, don ni ba masaniyar tarihi ba ce. Masana a taimaka mini, don Allah.

Malam mai gyaran rubutu:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, matsalarki ɗaya ce: taƙaitawa ta cinye gurbin sharhi. Tun kafin ki fara, raba kalmomin nan 600. Ki ba bayanan littafi kamar 40: suna, marubuci, maɗaba'a, shekarar bugu, yawan shafuka, kuma bugu na nawa ne. Taƙaitawa kada ta wuce 150. Nazari ya samu 300 ko fiye. Abin da ya rage ki faɗi wanda littafin ya dace da shi da wanda zai ɓata lokacinsa.

A ƙagaggen labari, taƙaitawa ta tsaya a kashi ɗaya cikin uku na farko: wane ne tauraro, me yake nema, me ya tare masa hanya. Daga nan ki ja birki. Wanda ya tona ƙarshen labari ya yi wa mai karatu sata. Littafin tarihi kuwa akasin haka ne, ba a ɓoye ƙarshensa. Ki faɗi matsayar marubucin a fili tun jimla ta biyu, domin ita za ki auna.

Kuma ki hana kanki kalmar "daɗi" sai da lambar shafi a gefenta. Kina karatu kina sa alama da fensir a wuri uku: inda kika kasa ajiye littafin, inda kika fara tsallake layi, da inda wani cikin taurari ya yi abin da bai yi kama da halinsa ba. Waɗannan ukun su ne sharhin.

Malama mai nazarin adabi:
In ƙara a kan na Malam. A makaranta ana koya mana jigo, zubi da tsari, salo, taurari. Suna da amfani, amma kada ki jera su kamar amsar jarrabawa, kowanne da sakin layinsa. Zaɓi biyu da littafin ya fi ƙarfi ko rauni a kansu, sauran ki taɓa su a wuce.

Ga gwaji mai sauƙi na zubi: ɗauki babi ɗaya daga tsakiya, ki tambayi kanki, da an cire shi me zai rushe? In ba abin da zai rushe, babin ciko ne, ki faɗa. Na taurari kuma, rufe sunayen masu magana da yatsa, ki karanta hirar. In ba ki iya bambanta dattijo da yarinya ba, marubucin ne ke magana da bakin kowa. Haka nan ki lura da yadda ake warware rikici. In sai da haɗarin mota ko wasiyyar da ba a taɓa ambata ba ta faɗo daga sama a babin ƙarshe, marubuci ya rasa mafita ne. Kina iya nuna hakan ba tare da kin bayyana abin da ya faru ba.

Malamin tarihi:
'Yar'uwa, ba sai kin fi marubuci sanin tarihi za ki yi masa sharhi ba. Tambaya ɗaya za ki riƙe: daga ina ya samo? Fara littafin daga baya. Duba manazarta da bayanan ƙasan shafi kafin babi na ɗaya. Ki ware su gida biyu: abin da aka rubuta ko aka ji daga mutanen zamanin, da abin da masana na baya suka rubuta a kai. Littafin da duk madogararsa ta gida na biyu ce tattarawa ya yi, bai kawo sabo ba. Wannan ba laifi ba ne, amma mai karatu ya sani.

Sannan ki zaɓi da'awa uku manya, ki bi kowacce zuwa madogararta. Abubuwan da suka fi lalacewa su ne adadi da shekaru. Ibnu Khaldun a Muƙaddimarsa ta 1377 ya ƙi yarda da adadin mayaƙa 600,000 da masanin tarihi Mas'udi da wasu suka ruwaito ga Bani Isra'ila. Hujjarsa ta hankali ce: filin daga ba zai ɗauke su ba, kuma Farisa da girman daularta mutum 120,000 ta tara a yaƙin Ƙadisiyya da ta yi da Musulmi. Irin wannan awon kowa zai iya yi.

Shekaru kuma suna da tarko biyu. Na farko, shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana kusan 11, don haka shekarar Miladiyya ɗaya takan faɗa cikin shekarun Hijira biyu. Hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu da yaƙin Tafkin Kwatto duk a 1804 aka yi su, amma a lissafin Hijira na farko a 1218 yake, na biyu a 1219. Kada ki ga haka ki ce marubuci ya yi kuskure. Na biyu, tsoffin kundaye da yawa tsawon sarauta suke bayarwa, ba shekara ba. Kundin tarihin Kano da Baturen nan Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908 haka yake. Shekarar 999 da ake ba Bagauda, sarkin Kano na farko, lissafi ne da aka yi da baya da baya, ana tara shekarun sarakuna. In marubucinki ya kawo irin wannan shekara kamar an ga an rubuta ta a ranar, wannan abin faɗa ne.

Abu na ƙarshe, wane ne ke magana? Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, kuma shi kansa yana cikin jagororin jihadin da yake ba da labari. Wannan ya ba littafin daraja, ya kuma sa shi a ɓangare guda. Sai dai ya kawo wasiƙun da suka yi musaya da Alkanemi na Barno, har mai karatu ya ji hujjar ɗaya ɓangaren. Ki duba ko marubucinki ya bar abokan hamayya sun buɗe baki.

Wani ɗan'uwa:
To ƙagaggen da aka gina a kan yaƙin fa? Ni a ganina duk inda ya saɓa wa tarihi a kama shi, don mutane da yawa daga irin waɗannan littattafan suke ɗaukar tarihi.

Malama mai nazarin adabi:
Ɗan'uwa, da gyara. Gandoki na Bello Kagara, cikin littattafan da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, ya fara da faɗa da Turawa, daga baya ya shige duniyar aljannu. Ba wanda zai ce ya yi ƙarya, don bai yi alkawarin tarihi ba. Abin dubawa shi ne alkawarin da marubuci ya ɗauka a bango ko gabatarwa. In ya ce labari ne, yana da damar ƙago mutane da hirarsu, har ya matse shekara goma ta koma biyu. Inda za a kama shi uku ne: ya sa wa mutumin gaske laifin da bai yi ba, ya juya sakamakon abin da kowa ya sani ba tare da ya sanar ba, ko ya kawo abin da babu shi a zamanin, kamar makami ko tufafi ko kalmar da sai daga baya ta shigo harshe.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura ɗaya: ɗaya littafin tarihin ba shi da manazarta ko kaɗan, ba kuma bayanin ƙasan shafi. In bar shi ne?

Malamin tarihi:
A'a, ki yi masa. Duba gabatarwa da shafin godiya, sau da yawa a nan ake ambaton dattawan da aka zanta da su ko takardun da aka gani. In fassara ce ko taƙaitaccen bugu, ki nemi na asali, don masu bugu kan yanke manazarta su rage shafuka. In duk babu, ɗauki aukuwa biyu daga ciki ki gwada da wani littafin da ya yi magana a kan zamanin, ki rubuta inda suka dace da inda suka saɓa, da lambar shafin kowanne. Sai ki faɗa a jimla ɗaya cewa marubucin bai nuna madogararsa ba.