Me za mu kira "thriller" da Hausa?

Jama'a, ku kawo ɗauki. Daren jiya ƙanena ya tambaye ni wane irin fim nake kallo, na buɗe baki zan ce "na ban tsoro", sai na ji ƙarya zan yi. Ba aljani, ba fatalwa. Irin wanda Turawa ke kira "thriller" ne, mai hana mai kallo sakat har ƙarshe.

The 39 Steps ne, wanda Alfred Hitchcock ya shirya a 1935 daga littafin John Buchan na 1915. Jarumin fim ɗin, Richard Hannay, bai ci nanin ba, nanin ta ci shi. Wata 'yar leƙen asiri ta fake a ɗakinsa a Landan, cikin dare ta faɗo kansa da wuƙa a gadon baya. Ya hau jirgin ƙasa sai Sikotilan, 'yan sanda na binsa, makasan ma na binsa. A littafin fa namiji aka kashe, Scudder. Ita wannan matar, da wata da aka haɗa ta da Hannay da ankwa daga baya, duk ƙarin Hitchcock ne.

Ga wurin da ya sa na miƙe zaune. Hannay ya isa gidan wani dattijo mai mutunci, yana ba shi labari cewa shugaban miyagun ba shi da kan ƙaramin yatsa. Dattijon ya ɗaga hannu a hankali ya nuna masa nasa. Guntu ne. Wannan abin da ya tokare min ƙirji, shi nake nema wa suna.

"Na ɗauki-ba-daɗi" na masu naushi ne, shi kuwa Hannay gudu ya fi yi. "Na leƙen asiri" ya dace da wannan fim, amma sauran 'yan uwansa da babu ɗan leƙen asiri fa? Wani ya kawo "na faɗuwar gaba". Ya kusa, sai dai gaba sau ɗaya yake faɗuwa, ras, ya wuce. "Zullumi" kuma ya yi nauyi. Wa zai ƙona datarsa ya sayi zullumi?

Ni dai na tsaya a kan "ɗar-ɗar". Mun riga mun san zaman ɗar-ɗar: abin bai auku ba tukuna, amma ka kasa sakin jiki. Kalmar ma bugawa take kamar zuciya. Fim ɗin ɗar-ɗar, littafin ɗar-ɗar, duk sun zauna a baki.

Da safe na gwada ta a kan ƙanen nawa. Bai nemi bayani ba, cewa ya yi, "Yaya, tura min."