Wai ya ake yi dandamalin haƙar mai ke tsayuwa a tsakiyar teku shekara da shekaru?

Ɗan Kurmi:
Salam jama'a, dan Allah masu ilimin gini a taimaka min. Ƙanina ne ya samu aiki a teku can kudu, tun da ya tafi hajiyarmu ta kasa sakin jiki, kullum sai ta ce in tambayo mata wai abin nan a kan me yake zaune. Ni kaina ban sani ba wlh, ƙarfe ne fa a cikin ruwan gishiri ga iska ga igiyar ruwa dare da rana, ya ake yi baya rushewa? kuma idan an ce an gina shi don ya yi shekara 25 wa ya tabbatar?

Injiniyan Sabon Gari:
Wa alaikassalam. Ya danganta da zurfin wurin malam. Inda ruwa bai da zurfi sosai ana kafa ƙafafun ƙarfe ne har ƙasan teku a buga musu turaku su shige ƙasa. Amma irin su Bonga, filin mai na Najeriya da ke kusan kilomita 120 daga gaɓa, zurfin ya haura mita 1,000, ba ƙafar da za ta kai, jirgi ne ƙato yake yawo a saman ruwa an ɗaure shi da sarƙoƙi da anga ta ko'ina, tun 2005 yake fitar da mai. Egina ma, wani filin man na Najeriya, haka take, ita a 2018 ta fara.

Maganar lissafi kuma, ana auna ginin ne da igiyar ruwan da ake sa ran zuwanta sau ɗaya a shekara 100. Mutane na jin haka sai su ɗauka sai bayan shekara 100 za ta zo, a'a, kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100, in ka tara na shekara 25 ya kai wajen kashi 22, ka ga ba wasa bane. Kuma teku na iya wuce lissafi, ranar 1 ga Janairun 1995 na'ura ta auna igiya mai tsayin kusan mita 26 a dandamalin Draupner na Norway alhali sauran na ranar wajen mita 12 ne. Shi yasa ake ɗaga benen sama sosai a bar sarari ruwa ya wuce ta ƙasa.

Mai Walda:
Injiniya ka yi bayani amma ni a nawa ganin ba babbar igiyar bace abin tsoro, ƙananan ne da basa hutawa. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, ba da ƙarfi ba ma, za ka ga ta karye, toh haka ruwa ke yi wa mahaɗar ƙarfe sau miliyoyi kuma daga bakin walda tsagar ke farawa. Ku duba abin da ya samu dandamalin Alexander Kielland, 27 ga Maris 1980 a filin Ekofisk na Norway. Ƙafa biyar gare shi, ma'aikata ke kwana a ciki. Wata 'yar walda ce ta milimita 6 da aka liƙa wata na'urar sauraron sauti a jikin ɗaya daga cikin ƙarafan da ke riƙe ƙafa, wurin da ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci, nan ta tsage. Da masu bincike suka duba sun tarar da fenti a cikin tsagar, wato tun a wurin ƙira take, aka shafe ta da fenti aka wuce. Ƙarfen nan na karyewa sauran da ke riƙe ƙafar suka bi, ƙafar ta cire ɗungurungum, cikin kamar minti 20 ya kife, mutum 123 cikin 212 suka rasu. Daga nan aka matsa sosai kan cewa dole gini ya iya tsayuwa ko da ƙarfe ɗaya ya tafi, saura su ɗauki nauyin har a kwashe mutane.

Injiniyan Sabon Gari:
Gaskiyarka oga, kuma mu masu kwamfuta ma ba mu tsira ba. Dandamalin Sleipner A a Agustan 1991, gindinsa na kankare ne sukutum ya nutse kusa da garin Stavanger na Norway ana cikin gwaji, saboda lissafin kwamfuta ya rage ƙarfin da zai danna wani bango da kusan rabi sai aka yi bangon bai kai ba. Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba, sake wani aka yi.

Ɗan Kurmi, batun ƙarfe a ruwan gishiri da ka tambaya, wato tsatsa, ana manna dunƙulen alminiyam ko zink a jikin ƙarfen da ke cikin ruwa, su gishirin ke ci ya bar ƙarfen. Inda ya fi wahala shine daidai inda ruwa ke fantsama ya jiƙe ya bushe, nan sai fenti mai kauri da ƙarin kaurin ƙarfe. Sannan masu nutso da na'urori masu kyamara na sauka lokaci lokaci suna duba mahaɗai.

Ɗan Kurmi:
Na gode ƙwarai Allah ya ƙara basira. Hajiya dai zan faɗa mata na sarƙa da anga da masu dubawa, na Norway ɗin nan kam bazan kai mata ba. Mai Walda, waldar cikin ruwan ita kuma ya ake yinta wuta bata kama mutum?