Shugaba ya ji tsoro, rashin bangaskiya ne?

Sabon_Dattijo:
Salama 'yan'uwa. An ba ni shugabancin matasa a ikilisiya, wata uku kenan, gaskiya tsoro nake ji kuma kullum sai na sami kaina ina gunaguni, mutane ba sa zuwa mitin, ba sa jin magana. Anya Allah ne ya kira ni kuwa?

Maman_Biyu:
Ɗan'uwa kwantar da hankalinka. Musa ma ai cewa ya yi shi ba mai iya magana ba ne, a aiki wani. Gidiyon fa, sai da ya shimfiɗa ulu har sau biyu yana neman alama daga Allah kafin ya yarda, ƙarshe da mutum 300 ya tafi yaƙi.

Mai_Ganga:
Mama haka ne amma gunagunin nan ne ya fi damuna. Duba Littafin Ƙidaya sura 13 da 14, mutum 12 aka aika leƙen Kan'ana, goma suka dawo suna tsorata jama'a, Joshuwa da Kalibu kaɗai suka ce a tafi, abin da ya ja musu shekara 40 a jeji kenan fa. Kai kukanka ga Ubangiji, kar matasan su ji a bakinka.

Sabon_Dattijo:
Hmm, jiya ma a gabansu na yi. Ku sa ni a addu'a.