Da zarar na fita daga SSH sai shafina ya mutu

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa manhajar duba sakamakon jarrabawa da Django (kayan gina shafukan intanet na Python) don wata Islamiyya, na kama saba mai Ubuntu 24.04 da RAM 1GB. Ina shiga sabar ta SSH (hanyar sarrafa saba daga nesa) in buga `python manage.py runserver 0.0.0.0:8000`, shafi ya tashi lafiya lau. Amma da netwok ya yanke ko na rufe kwamfuta, shi ke nan ya mutu. Ranar Asabar iyaye za su fara dubawa. Don Allah a taimaka.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, runserver na gwaji ne kawai, masu Django da kansu sun ce kada a saka shi a shafin da jama'a ke shiga. Duk abin da ka kunna cikin zaman SSH a rataye yake da zaman, yana yankewa Linux zai aika masa SIGHUP, wato saƙon cewa zaman ya yanke, sai ya mutu. Saka Gunicorn, manhajar da za ta riƙa tafiyar da Django a madadin runserver, ka rubuta masa fayil a `/etc/systemd/system/` mai layin `Restart=always`, sannan ka buga `sudo systemctl enable --now` da sunan fayil ɗin. Ko sabar ta sake tashi, tare za su tashi. Nginx, manhajar sabar yanar gizo, ya tsaya a gaba yana karɓar baƙi a tashar 80 yana miƙa wa Gunicorn. Kuma ka mayar da DEBUG (saitin gwaji na Django) zuwa False, sakamakon 'ya'yan mutane ne a hannunka.

Amsa ta biyu: Ƙari a kan na Malam, in za ka kunna katangar tsaro (firewall), fara da `sudo ufw allow OpenSSH` kafin `sudo ufw enable`, in ba haka ba ka kulle kanka a waje. Ka buɗe tashoshin 80 da 443, sai manhajar certbot ta karɓo maka satifiket ɗin tsaron shafi (HTTPS) na Let's Encrypt kyauta. Kwana 90 yake yi, amma certbot da kansa yake sabunta shi.

Amsa ta uku: Da irin netwok ɗinmu, ɗan uwa, kada ka yi migrate (sabunta tsarin database) sai cikin tmux, manhajar da ke riƙe aiki ko SSH ya yanke. In ya yanke ka dawo ka buga `tmux attach`, aikin na nan yana tafiya.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, ya tsaya daram. Sai dai ya fito tsirara, ba kala ba tsari.

Amsa ta farko: Gunicorn ba ya aika wa baƙi CSS (fayilolin kala da tsari) da hotuna. Saita STATIC_ROOT, buga `collectstatic`, ka nuna wa Nginx wannan folda a ƙarƙashin `/static/`, sai `sudo nginx -t` kafin ka sake loda shi.