Muhawara: Shin bindiga tana kashe tsoro a wasannin firgici na sararin samaniya?

Aminu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ra'ayina shi ne, wasan bidiyo na firgici da aka gina a cikin kumbo ko tashar sararin samaniya yana daina zama abin tsoro daga lokacin da aka damƙa wa mai wasa makamin da zai iya kashe abin da ke farautarsa. Hujjata ita ce Alien: Isolation, wanda kamfanin Creative Assembly ya ƙirƙira, aka fitar da shi a 2014. A cikinsa Amanda Ripley, wadda mai wasa ke sarrafawa, tana yawo a tashar sararin samaniya ta Sevastopol inda wata halitta da ba a iya kashewa ke farautarta, don haka ba abin da ya rage mata sai ɓuya a kabad ko ƙarƙashin tebur, kuma ko na'urar gano motsi da take dogaro da ita tana ƙarar da za ta iya tona mata asiri idan halittar ta matso. Wannan shi ne tsoro. Dead Space kuwa, duk da yabon da yake sha, wasan harbi ne da aka rage wa haske.

Maryam: Wa alaikumus salam. Malam Aminu, ban yarda da abin da ka faɗa game da Dead Space ba, kuma ina ganin ba ka yi wa wasan adalci ba. Isaac Clarke, wanda ake sarrafawa a wasan na 2008, injiniya ne da aka tura gyaran kumbon haƙar ma'adinai mai suna USG Ishimura, kuma makaminsa na farko kayan aikin yanka ne, ba bindigar soja ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne dodannin cikinsa ba sa faɗuwa da sauri idan an harbe su a ƙirji ko a kai, dole sai an datse musu hannaye da ƙafafu, wato ana bukatar mutum ya natsu ya saita hannunsa a daidai lokacin da abu ke rugowa kansa, alhali harsashin da ke hannunsa ƙidayayye ne. Ga shi kuma ba a rubuta ƙarfin jikinsa a gefen allo ba, an ɗora ma'aunin a gadon bayan rigarsa, ta yadda idon mai wasa ba ya samun inda zai huta daga abin da ke faruwa. Makamin da ke neman natsuwa daga mutumin da hankalinsa ya tashi ƙara tsoro yake yi.

Malam Bashir: Ku ba ni dama in koma baya kaɗan, domin wannan gardama ta girmi wasannin biyu. A System Shock 2 na 1999, a cikin kumbon Von Braun, akwai bindigogi, amma suna lalacewa da amfani har su cije a tsakiyar faɗa. A Doom 3 na 2004, wanda ke faruwa a duniyar Mars, mai wasa ba ya iya riƙe tocila da bindiga a lokaci guda: ko ya ga abin da ke gabansa, ko ya iya kare kansa. Da aka sake fitar da shi a 2012 aka maƙala tocilar a jikin sulke, kuma duk wanda ya buga biyun zai shaida cewa fargabar ta ragu sosai, alhali bindigogin suna nan yadda suke. Abin da aka cire shi ne tilascin zaɓi tsakanin abubuwa biyu da mutum ke bukata duka.

Aminu: Malam, na gode da wannan tarihi, amma Dead Space 3 na 2013 yana gefena. An ba mutane biyu damar yin wasan tare, an ba su damar ƙera makamansu, aka kuma mayar da harsashi iri ɗaya ga kowace bindiga, sai tsoron ya watse. Wannan ita ce makomar duk wasan da ya fara da makami, domin kowane sabon kashi sai an ƙara masa ƙarfi.

Maryam: Abin da ka kawo hujja ce a kan yalwa, ba a kan makami ba. Kuma kada mu manta cewa Isolation ɗin da ka kafa hujja da shi yana ba Amanda ƙaramar bindiga da babba, har da makamin feshin wuta da ke korar halittar na ɗan lokaci. Hikimar wasan ita ce ƙarar harbi tana jawo halittar, saboda haka duk lokacin da ka harbi mutum-mutumin da ya tare maka hanya, ka san ka kira abin da ya fi shi haɗari. Akwai kuma wata matsala da nake ganin masu ra'ayinka ba sa son ambata. Wanda ba shi da hanyar kare kansa yana yawan mutuwa, kuma idan ya maimaita lungu ɗaya sau da yawa, firgici yakan koma gundura, ya fara kallon dodon a matsayin lissafin kwamfuta da za a koyi tsarinsa. Tsawon Isolation ya jawo masa wannan suka tun fitowarsa, kuma a ganina sukar tana da tushe.

Hauwa: Ni kuma ina ganin duk kun mayar da hankali kan hannun mai wasa kun bar wurin da yake tsaye. A gidan fatalwa ko dajin dare mutum yana da fatan cewa akwai ƙofa, akwai hanya, gari zai waye. A cikin kumbo babu ko ɗaya, domin bayan bangon babu iskar shaƙa kwata-kwata. Sassan Dead Space da suka fi tayar mini da hankali su ne waɗanda Isaac ke fita inda babu iska, sauti ya ɗauke saura numfashinsa da bugun zuciyarsa, ma'aunin iskarsa yana raguwa, dodo kuma ya iso bayansa ba tare da an ji tahowarsa ba. Haka nan a Prey na 2017, a tashar Talos I, akwai halittun da ke rikiɗa su zama kofi ko kujera, har mutum ya koma yana zargin kowane kaya a ɗaki, kuma bindigar da ke hannunsa ba ta gaya masa wanne ne na gaskiya.

Aminu: Malama Hauwa, maganarki a kan wuri gaskiya ce, amma ba ta rushe tawa ba. A Prey, da zarar ka gane kofin ƙarya ka buge shi, an wuce wurin. A Isolation kuwa, ko adana wasa sai ka tsaya a gaban na'urar da ke jikin bango ka jira 'yan daƙiƙoƙi, kana sane da cewa abin da ba za ka iya kashewa ba yana iya saukowa daga ramin iska kafin ka gama. Ina roƙon Malama Maryam ta nuna mini wuri ɗaya a Dead Space da ya kai wannan, bayan Isaac ya gama inganta makamansa a sassan ƙarshe na wasan.